Ranar da ɗan ƙodago ya faɗi a garkata

Ni manomin albasa ne a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke tsakanin Galmi da Madawa, kuma a cikin garka na buɗe ido. Mahaifina bai bar mini fili mai yawa ba, shi ya sa tun ina saurayi na yi shekaru ina ƙodago a garaken mutane, ina dashe, ina ban ruwa da ƙwarya tun kafin injin ban ruwa ya yawaita, ina cirar albasa, ina ɗaukar buhu a ka. Daga baya Allah ya buɗa mini, na sayi fili, na haƙa rijiyoyi, har na kai ga ɗaukar mutum 15 zuwa 20 a lokacin cira. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san cewa abin da ya faru a garkata bai faru don ban san zafin rana ba. Na san ta a gadon bayana, na san ta a tafin ƙafata. Sai dai sanin da na yi mata irin na wanda ya jure ne, kuma wanda ya jure abu yakan ɗauka cewa kowa ma zai jure shi.

Wanda bai yi noman albasa ba zai yi wuya ya gane yadda aikinta mafi nauyi yake faɗowa a lokaci mafi zafi na shekara. Ana zuba iri bayan damina, a yi dashe cikin sanyi, sa'annan cira ta zo daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, wato daidai lokacin da bazara take kankama, zafi yana wuce digiri 40 kusan kowace rana. Albasa ba ta son inuwa, don haka ba ma barin itace a tsakiyar fangali. Kafin cira kuma muna ɗauke mata ruwa na 'yan kwanaki don ta ƙosa ta yi ajiya a rudu, wato rumbun albasa, sai ƙasar ta bushe ta yi zafi kamar an zuba toka. Mai cira yana duƙe ne ko a tsugune, fuskarsa kusa da ƙasa, rana tana dukansa ta sama, ƙasa tana maido masa da hucinta ta ƙasa. Haka muka gada, kuma ban taɓa jin wani a cikinmu ya kira wannan haɗari ba; aiki kawai muke ce masa.

A shekarar 2024 azumi ya kama ranar 11 ga Maris, goman ƙarshe ta faɗo cikin kwanakin farko na Afrilu, kuma duk wanda yake yankin Sahel a lokacin yana tune da irin zafin da aka yi. A rediyo muka ji cewa a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu. A wurinmu ko dare ba ya sanyaya, mutum ya kwana yana juyi a kan tabarma, ya tashi sahur jikinsa bai huta ba. Shekarar ce kuma fitar da albasa ta yi wuya saboda matsalar iyakoki, kowa yana gudun kada kayansa su zauna masa. Wani ɗan kasuwa ya yi mini alkawarin kamiyo, wato babbar motar kaya, kafin salla, ni kuma na ƙudura a raina sai na gama cira kafin motar ta iso. Su ma 'yan ƙodago kuɗin salla suke nema. A lokacin biyana a kan fangali ne: yawan fangalin da ka cire, yawan abin da za ka karɓa da yamma.

A cikin masu aikin akwai wani saurayi da bai wuce shekara 19 ba, wanda kawunsa ya kawo shi daga wani ƙauye na arewacin Adar. Kawun ya daɗe yana yi mini aiki, mutum ne mai riƙon amana, shi ya sa ban tambayi komai a kan yaron ba. Daga baya na ji cewa kafin ya zo yana tsaron shago ne a cikin garin Tawa, a inuwa, ya yi watanni bai riƙe kalme ba, kuma daren da ya gabata ya kwana yana zawo bai gaya wa kowa ba, don kada a ce ya zauna gida ya rasa kuɗin yini. Wannan ita ce ranarsa ta huɗu a garka.

Wajen ƙarfe 11 na safe ya zo inda nake tsaye ina duba buhuna, ya ce, "Baba, kaina yana sara, kuma ina ganin jiri." Na dube shi, na ga rigarsa ta yi farin zane na gishirin gumi a baya da hamata, leɓensa ya tsattsage. Na ce masa, "Ka daure, ɗana, kowa da azumi a bakinsa. In ka gama wannan layin ka je ka huta." Ya ce to, ya koma. Waɗannan kalmomi nawa ne, ba wanda ya sa ni faɗinsu, kuma har yau ina jin su a kunnena.

Bayan azahar kaɗan wani ya kira ni in zo in ga abin da yaron yake yi. Na tarar yana tsugune, ya ɗauki albasa guda ya ajiye, ya sake ɗaukarta ya ajiye, kamar ya manta abin da ake yi da ita. Sai ya miƙe ya bi ta tsakiyar fangalin wani yana tattaka albasa, yana magana da innarsa wadda take can ƙauyensu. Kawunsa ya daka masa tsawa, bai ko waiwayo ba, ya yi taku uku ko huɗu ya faɗi ta fuska. Da na taɓa wuyansa sai na ji kamar na taɓa gefen tukunyar da ke kan wuta. Muka ɗauke shi zuwa gindin wani gawo da ke bakin garka, wanda shi kaɗai ne inuwar da ke wurin, muka kewaye shi. Wani ya ce iska ce, tun da tsakar rana ce kuma a bakin rijiya yake aiki, aka fara yi masa tofi. Wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ya tafi neman farasitamol. Kawunsa ya buɗe masa baki ya ɗura ruwa, yaron ya shaƙe, ruwan ya dawo ta hanci. Muka yi kusan rabin sa'a a haka, muna ta shawara, mun tare masa ko 'yar iskar da ke kaɗawa.

Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne, a duk wannan lokaci injin ban ruwa yana aiki a ɗaya gefen garkar inda barkono yake, ruwa mai sanyi daga ƙarƙashin ƙasa yana kwarara a bututu, bai fi taku 20 daga inda yaron yake kwance ba. Wata tsohuwa ce daga cikin matan da ke yankan lawashi ta ture mu, ta ce, "Alhaji, ku bar surutu, yaron nan wuta yake ci, ku kawo ruwa." Ta sa aka cire masa riga, ta juye masa bokiti guda tun daga ka har ƙafa, ta jiƙa mayafinta ta shimfiɗa masa a ƙirji, ta ɗauki faifai tana yi masa fifita, tana cewa a ƙaro. Aka jawo bututun aka riƙa zuba masa. Sai da ya fara motsi muka ɗora shi a amalanke zuwa bakin kwalta, muka tare mota zuwa gidan likita mafi kusa, majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya saka masa ƙarin ruwa ya tura mu babban asibiti.

Likita ya ce bugun zafi ne, kuma ya ce ruwan da aka zuba masa shi ne ya tsayar da abin, da an ƙara jinkiri da wata maganar ake yi. Ƙodarsa ta taɓu. Kwana biyu fitsarinsa ɗan kaɗan ne, launinsa kamar shayin farko. Ya kwana 9 a asibiti, salla ta same mu a can, ni na biya kuɗin magani. Da mahaifinsa ya zo, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Alhaji, mun gode, ka yi abin da ya kamata, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Na yi imani da ƙaddara kamar yadda ya yi, amma na san yaron ya zo ya gaya mini da bakinsa tun da sauran lokaci, na maida shi cikin rana, kuma uban bai san da wannan ba. Sai da na gaya masa kafin ya koma. Ya yi shiru mai tsawo, ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Bayan damina, kafin lokacin dashe, ƙungiyarmu ta manoma ta tura wasu daga cikinmu garin Tawa wani horo na kwana biyu a kan kare lafiyar ma'aikatan gona da haƙƙoƙinsu, kuma ni na roƙa a saka sunana. Wani ma'aikacin lafiya ne ya ɗauki ranar farko. Ya bayyana mana cewa jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, kuma mai aiki mai nauyi a rana yana iya zubar da lita guda ta gumi ko fiye a cikin sa'a ɗaya, ruwa da gishiri tare. In ba a maida abin da ya fita ba, jini yana raguwa, zuciya tana ƙara gudu, zafin da ke ciki ya rasa hanyar fita. Da farko mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ko jijiyoyin ƙafa da na ciki su riƙa ɗaurewa. A wannan mataki inuwa da hutu da ruwa sun isa, muddin an tsayar da aikin nan take. In aka ci gaba, zafin cikin jiki yana haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi ko faɗa ba dalili, ko ya suma, ko ya yi farfaɗiya. Wannan shi ne bugun zafi, kuma yana kisa ko ya lalata ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci. Ina zaune ina ji yana lissafo alamun ɗaya bayan ɗaya kamar yana tsaye a garkata ranar.

Ya ja kunnenmu ƙwarai a kan abin da za a yi a mintunan farko. Ya ce sanyaya jiki shi ne gaba da komai, tun kafin neman mota: a kai mutum inuwa, a rage masa tufafi, a zuba masa ruwa a duk jiki ba ƙaƙƙautawa, a yi masa fifita, in akwai kwatami ko rabin tano mai ruwa a tsoma shi a riƙe kansa a sama, sa'annan a ci gaba da jiƙa shi a kan hanyar asibiti. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ba shi komai ta baki, don ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da shi a gefe guda saboda amai. Farasitamol ba ya sauke wannan irin zafi, domin ba zazzaɓin cuta ba ne. Ya kuma gyara mana wani kuskure da yawancinmu muke da shi, cewa muddin mutum yana gumi bai shiga haɗari ba. Mai aikin ƙarfi yana iya samun bugun zafi jikinsa sharkaf da gumi; rikicewar hankali ita ce alamar da za a duba.

Abin da ban taɓa ji ba sai ranar shi ne cewa jiki yana koyon zafi, kuma yana mantawa. Wanda ya daɗe bai yi aiki a rana ba yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba, shi ya sa sababbin ma'aikata suka fi faɗuwa a kwanakinsu na farko, ko da matasa ne majiya ƙarfi. Shawarar da aka ba mu ita ce sabon zuwa ya fara da kashi ɗaya cikin biyar na aikin yini a rana, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. Haka wanda ya tashi daga zazzaɓi ko zawo, da mai ciki, da dattijo, da mai hawan jini ko ciwon suga, duk zafi ya fi saurin kayar da su. A kan sha kuma ya ce kada a jira ƙishirwa, a sha kofi guda kowane minti 15 zuwa 20, kuma kowa ya riƙa duba fitsarinsa, in ya yi duhu ruwan jiki ya yi ƙasa. Ya yi magana a kan tramol, wanda ba wani mai garka da zai ce bai san wasu yaran suna sha don su daɗe suna aiki ba: ƙwayar tana toshe wa mutum jin gajiyar da ita ce gargaɗin jikinsa, kuma tana iya jawo farfaɗiya. Ya ba mu labarin masu saran rake a Nikaraguwa da El Salbado, inda ciwon ƙoda ya kashe dubban maza masu ƙananan shekaru waɗanda ba su da suga ba su da hawan jini, kuma masu bincike suka danganta shi da aikin ƙarfi cikin zafi da ƙarancin ruwa shekara da shekaru. Da na ji haka sai na tuna abokan ƙodagona na ƙuruciya da suka kumbura suka rasu, muka ce sammu ne ko ciwon ciki.

Rana ta biyu wani jami'in kula da harkokin ƙodago ne ya yi mana bayani a kan dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan doka ta ma'aikatan ofis da kamfanoni ce. Ya nuna mana cewa duk wanda ya sa wani aiki a ƙarƙashin umarninsa don ya biya shi, to ya zama mai ba da aiki, ko da yarjejeniyar ta baki ce, kuma wajibi ne a kansa ya ɗauki matakan kare rai da lafiyar wanda yake yi masa aikin. Dokar ta ƙayyade lokacin aikin gona a sa'o'i 2,400 a shekara, ta ba ma'aikaci hutun yini guda a mako, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Abin da ya sami mutum a bakin aiki ko saboda aiki haɗarin aiki ne, ana sanar da shi cikin sa'o'i 48, kuma asusun CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, shi ne yake ɗaukar nauyin ma'aikacin da aka yi wa rajista. Ashe kuɗin asibitin da na biya, wanda mutane suke ta yaba mini a kansa kamar na yi sadaka, wani ɓangare ne kawai na nauyin da ke wuyana tun farko. Jami'in ya kawo mana alƙaluman Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya: a rahotonta na 2024 ta ce zafi mai tsanani yana kashe ma'aikata kusan 19,000 a kowace shekara, a na 2019 kuma ta yi hasashen cewa zuwa 2030 Afirka ta Yamma za ta riƙa asarar kusan kashi 5 cikin 100 na lokacin aikinta saboda zafi, kuma noma ne zai fi jin jiki. Ya ce Saudiyya ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, Katar kuma daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi. Mu namu watannin Maris ne da Afrilu da Mayu, amma ranar ɗaya ce.

Na dawo gida da takardu da hotuna da niyya mai kyau. Da lokacin cira ya zo na tara masu aiki na karanta musu duk abin da na koyo, na ce daga yau kowa ya huta in ya gaji, kowa ya sha ruwa, wanda ya ji jiri ya faɗa. Kowa ya gyaɗa kai. Sai kawun yaron, wanda ya dawo mini aiki duk da abin da ya faru, ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, maganarka gaskiya ce. Amma in na zauna a inuwa rabin sa'a, wa zai biya ni fangalin da ban cire ba?" Ban sami amsa ba a wurin. Na kwana ina juya maganar, kuma a daren na gane abin da horon kwana biyu bai gama fahimtar da ni ba. Yaron bai ɓoye zawonsa don wauta ba, bai koma cikin rana don jin maganata kawai ba. Tsarin biyan da na kafa shi ne yake cin tarar duk wanda ya huta. Ni ma da nake ƙodago na sha jin jiri in ƙi tashi, domin tashin yana nufin tiyar hatsin da ba zan kai gida ba. Mai garka yana iya cewa a huta sau ɗari, amma in hutun daga aljihun ɗan ƙodago yake fita, ba wanda zai huta, kuma in wani ya faɗi sai a ce ai an gaya masa.

Don haka na bar biya a kan fangali a watannin zafi, na koma biyan yini, hutu yana ciki. Muna shiga garka da an sallame asuba, mu tashi daga cira wajen ƙarfe 11, a Afrilu ma kafin haka, ba a komawa rana sai bayan la'asar. Tsakanin nan ana yankan lawashi da tsince albasa a ƙarƙashin rumfar zana da muke ɗagawa mu bi aiki da ita, domin inuwar da take nesa ba a zuwa cikinta. Bidon ruwa na lita 25 guda shida muke ajewa, kowane an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, iska tana bugawa ruwan yana yin sanyi kamar na randa, kuma kowa da kofinsa. Akwai wani guntun ƙarfe da muka rataya, duk sa'a ana buga shi kowa ya shigo inuwa ko ya so ko bai so ba, don na lura matasa suna jin kunyar su riga dattawa zama. Ana aiki bibbiyu, kowa yana lura da abokinsa. Sabon zuwa makonsa na farko yawancinsa a rumfa yake yi. Da hantsi ana kawo fura da nono ko kunu, kuma muna ajiye ƙullin ruwan gishiri da suga na asibiti. In ya ƙare ana haɗa ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta. Rabin tano cike da ruwa da bokiti biyu ba sa barin rumfar, lambar wani mai mota kuma tana rubuce a jikin ginshiƙi. Duk kayan nan ba su kai kuɗin buhu uku na albasa ba.

Wani abu kuma matata ce ta buɗe mini ido a kansa. Na yi ta mamakin yadda bidon da ke wajen mata ba ya raguwa, sai ta ce mini, "Malam, ina kake so su zaga in sun sha? Garkar fili ce, maza ko'ina." Ashe da gangan suke ƙin sha tun safe. Muka kewaye musu wuri da zana a bayan garka, daga ranar ruwansu ya fara ƙarewa kamar na kowa. Na kuma buɗe littafi da nake rubuta sunan kowa da shekarunsa da kwanakin da ya yi da abin da ya karɓa, na daina karɓar ƙananan yaran da iyaye suke turowa su yi cira, mai gadina da mai kula da inji kuma, waɗanda suke tare da ni duk shekara, na yi musu rajista.

Maganar azumi na kai wa limaminmu, domin shawarar a sha ruwa kowane minti 20 ba ta da wuri ga mai azumi. Ya ce wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani ya sha ruwa ya rama daga baya, addini bai ce a kashe kai ba. Sa'annan ya tuna mini hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta sallar azahar in zafi ya tsananta har a sami sanyi, ya ce mini, "Alhaji, in an sassauta wa mai salla saboda rana, kai me zai hana ka sassauta wa mai cirar albasa?" A azumin da ya biyo baya mun riƙa tashi tun ƙarfe 10, wani aikin kuma muka maida shi bayan tarawi da fitila. Azumi yana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yana fita daga bazara zuwa sanyi, amma cirar albasa tana nan a inda take, kuma wanda ba ya azumi ma zafi yana kayar da shi.

Ba zan ce sauyin bai ci mini komai ba. Cirar da nake gamawa a kwana takwas yanzu tana kai ni kwana goma, wasu ƙarfafan matasa da suka fi samu a biyan fangali sun koma wajen maƙwabta, kuma akwai masu garka da suke ganin ina ɓata musu 'yan ƙodago. Amma albasar da ake yanka a inuwa ba ta ƙonewa, raunin da gajiyayyen hannu yake yi mata ya ragu, kuma ba a sake ɗaukar kowa a amalanke daga garkata ba. Yaron yana raye, ya koma tsaron shago, likita ya hana shi aikin rana, kuma lokaci-lokaci yana zuwa awon ƙoda, ni nake biya.

Inda har yanzu na kasa shi ne lodi. Buhun albasa da hularsa ya fi kilo 100, kuma kamiyo ba ya zuwa sai lokacin da ya ga dama. A Afrilun da ya wuce wata mota ta iso mini da tsakar rana, na ce ba za a yi lodi ba sai bayan la'asar. Direban ya ce yana da hanya mai nisa a gabansa, ya ja motarsa zuwa wata garka da ke kusa, aka fara loda masa nan take. Ina zaune a rumfata ina kallo, biyu daga cikin masu aikina suka tashi daga inuwa suka tafi can, domin lodi kuɗi ne a hannu, buhu-buhu ake biya, kuma ba ni da ikon hana su. Na aika musu da bido biyu na ruwa. Mai garka ɗaya ba zai iya tsayar da kamiyo ba, sai in duk masu garaken kwarin sun yarda da lokaci guda da ba a lodi a cikinsa, yadda direba ba zai sami inda zai juya ba. Na sa maganar a cikin abubuwan da ƙungiyarmu za ta tattauna a taron da za mu yi kafin dashe, na kuma roƙi majo ya zo ya nuna wa mutane yadda ake sanyaya wanda ya faɗi. Kawun yaron ya ce shi ma zai zo ya yi magana da bakinsa, tsohuwar da ta zuba ruwan kuma na aika a tambaye ta ko za ta yarda ta zo.